Warin Takalmi

Katangar nan sau bakwai ana shafa mata fenti.
Ni na ƙirga.
Ƙanƙare ta da farce ka gani:
shuɗi kan rawaya, rawaya kan kore,
kowane launi da jirgin da ya kawo shi.
Rufin kicin kuwa yana nan yana yoyo
tun shekarar da ƙasa ta girgiza.

Sunana Dil Kumari.
Shekara goma sha ɗaya ina dafa wa yara ashirin da uku
shinkafa da romon wake, a gefen Pokhara,
inda dutsen ƙanƙara ke duba fuskarsa a tafki da safe
kafin gajimare ya ja masa labule.

Bana su takwas suka zo.
Muka rataya musu furanni, muka ɗiga musu ja a goshi,
yara suka jeru suka rera maraba,
wadda suka haddace tun ba su iya ƙirga yatsu ba.

Cikinsu akwai Maren, doguwa, rana ta saɓule mata hanci.
Ba ta iya ci da hannu ba,
romo na bin gwiwar hannunta, yara na riƙe ciki,
ita ma tana taya su.
Ta koya wa Anjila ɗaurin igiyar takalmi,
ta yi dare biyu a zaune kan Suraj da zazzaɓi ya kayar.
Ba zan ci haƙƙinta ba, yarinyar tana da zuciya.

Nabin ne kaɗai bai matso ba.
Ta tambaye ni, rabi da baki rabi da hannu: me na yi masa?
Na ce babu.
Na ci gaba da tsince tsakuwa a wake.
Da kalma goma da ke tsakaninmu, ta ina zan fara?

Cewa yana shekara huɗu ya ɓoye wa wata takalmi
ranar tafiyarta, wari ɗaya,
a ganinsa ba a hawa jirgi da ƙafa guda.
Ta tafi da silifas ɗina.
Cewa daga baya na tsinci huɗu bayan tankin ruwa,
ba mai kama da ɗan'uwansa,
kwaɗo ya yi ɗaki a ɗaya.
Cewa uwarsa na raye, can sama, tafiyar yini biyu,
takan zo bayan girbi da ƙwai shida a ƙulli,
kuma ranar ba a ɗaukar hoto.

Mako biyu. Baƙo raɓa ne.
Ganye ya san haka, yaro sai an koya masa.

Daren ƙarshe ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.
Na jera bokiti uku a kicin.
Maren ta shigo, ta daɗe tana kallon sama,
sannan ta dubi fentin da ya bushe a farcenta.
Ta tambayi kwano nawa ne rufin,
ta rubuta a tafin hannu.
Ban sani ba ko zai kai filin jirgi kafin gumi ya goge shi.

Da asuba na fito hura wuta,
sai ga Nabin tsugune a ƙofa,
takalmanta a gabansa.
Na tsaya. Na ce a raina, na biyar ke nan.

Tsumma ya ciro.
Ya goge taɓon tas, har ƙarƙashi,
ya sassauta igiya don ƙafa ta shiga ba wahala,
ya jera su biyu, kai da kai,
hancinsu na kallon titi.

Shekararsa tara.

Wajen mota an sha kuka, an sha alkawari.
Sabo ake wa kuka, na sani,
amma ni wanda bai yi ba nake kallo.
Mota ta sha kwana, Anjila ba ta sauke hannu ba.
Shi ya shiga kicin, ya ɗauki bokiti ya zubar,
ya maido shi daidai inda ɗigon ke faɗa,
ya ce, Didi,
wane launi za su kawo a kaka?